Kafin Ka Ɗaga Wanda Babur Ya Kayar

Da zarar babur ya kayar da mutum a titin Gabukka da ke Gombe, kafin ka ce kwabo jama'a sun taru. Wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, a cusa shi cikin Keke Napep a lanƙwashe, kai na reto. Tausayi ne, ba musu. Amma wani lokaci ɗaukar takan fi faɗuwar ɓarna.

Don gane dalili, bari mu fara daga kai. Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta cika kilo ɗaya da rabi ba, duk da haka tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86. Babban sashenta na sama shi ke tunani da magana da gani da tuna abin da ya wuce, kuma ɓarinsa na hagu ne ke juya ɓarin jiki na dama. Wajen ƙeya akwai ƙaramin sashe mai daidaita tafiya. Can ƙasa kuma ga tushe, mai kula da numfashi da bugun zuciya ko kana sharar barci.

Daga wannan tushe laka ta sauko ta cikin ƙashin baya. Tsawonta kimanin santimita 45, kaurinta kamar ɗan yatsa, jijiyoyi 31 na fita ta kowane gefe. Duk saƙon da ke tsakanin kai da gangar jiki ta nan yake bi. Har ma takan yanke hukunci da kanta: in ka taɓa tukunya mai zafi, ita ke fizge hannunka kafin ka ce wayyo.

To, ƙashi yakan karye ya haɗe. Laka in ta tsinke, har yau likitoci ba su da yadda za su mayar da ita. Raunin tsakiyar baya kan kashe ƙafafu, ya hana riƙe fitsari; na wuya kan haɗa da hannuwa, har da numfashi. Karyayyen ƙashin da bai kai ga lakar ba, lanƙwasa ɗaya ta isa ta sa ya datse ta.

Don haka in wanda babur ya kayar ya ce wuyansa ko bayansa na ciwo, ko ba ya jin ƙafarsa, kada a zaunar da shi, kada a ɗura masa ruwa. Mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, a kwantar da shi a miƙe kan katako ko ƙyaure, a nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Wannan ba aikin mai ɗori ba ne. 'Yan acaɓa kuma, don Allah a riƙa sa hular kwano.