Idan Kunne Ya Yi Nauyi: Shirin Gwajin Ji da Sabawa da Na'urar Ƙara Ji

Da wuya a sami ikkilisiyar da babu wani baba ko wata mama da suka fara janye jiki daga sujada ba tare da an san dalili ba. Dā su ne kan gaba a addu'ar safe, yanzu sai su zauna shiru, in an yi dariya su yi murmushi ba su san abin da aka faɗa ba, daga baya su daina zuwa. Mukan ce bangaskiyarsu ce ta yi sanyi, ko suna fushi da wani. Sau da yawa kuwa kunne ne ya yi nauyi, kunya kuma ta hana su faɗa.

Wannan ba sabon abu ba ne. A 2 Sama'ila sura 19, Sarki Dawuda ya gayyaci Barzillai mutumin Gileyad ya zo ya zauna tare da shi a Urushalima. Dattijon, mai shekara 80, ya ƙi, cikin dalilansa kuwa har da cewa ba ya iya jin muryar mawaƙa kuma. A zamaninsa babu taimako, amma a namu akwai. Manzo Bulus ya koya mana a Romawa 10:17 cewa ta wurin jin Maganar Almasihu ne bangaskiya take samuwa, saboda haka lafiyar kunne ta shafi ikkilisiya kai tsaye.

Abin da ke kawo raunin ji

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna mutane fiye da biliyan 1.5 suna da raunin ji, wajen miliyan 430 cikinsu kuma suna bukatar taimakon masana. Tsufa yana kan gaba, amma ba shi kaɗai ba ne. A yankinmu sanƙarau, ƙyanda, hangum da zazzaɓin Lassa sukan bar mutum da raunin ji. Haka ma ciwon kunne mai fitar da mugunya da aka bari ya daɗe, da wasu magunguna kamar allurar gentamisin, da sitireftomaisin, da kwinin, musamman in an yi amfani da su ba bisa umarnin likita ba. Sai ƙara mai ƙarfi: injin niƙa, janareta, da lasifikar da muke ƙurewa a majami'unmu.

Can cikin kunne akwai wani sashe mai kama da katantanwa, a cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu siririn gashi waɗanda ke mai da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. In tsufa ko ƙara ta lalata su, ba sa sāke tsirowa. Waɗanda ke kama siririn sauti su ne sukan fara mutuwa. Shi ya sa dattijo yakan ce, "Ina jin magana amma ba na ganewa." Kalmomi kamar sara, shara, tsara da fara sai su zama ɗaya a kunnensa, domin yana jin wasulan amma baƙin farko ya ɓace. Ba taurin kai ba ne, kuma ɗaga masa murya ba ya gyara wannan.

Zuwa gwaji ba rashin bangaskiya ba ne

Wasu masu bi suna ganin neman gwaji kamar sun fid da rai ga warkarwar Allah. Mun gaskata Ubangiji yana warkarwa, muna kuma addu'a domin marasa lafiya. Amma ba mu taɓa cewa mai sa tabarau don karanta Littafi Mai Tsarki ya rasa bangaskiya ba. Luka, abokin tafiyar Bulus, likita ne. A Markus sura 7 kuma, mutane ne suka kawo kurman nan wurin Yesu, shi kuwa ya ja shi gefe ɗaya daga taro kafin ya taɓa shi. Mu koyi abu 2 daga nan: mai raunin ji yana bukatar wanda zai raka shi, yana kuma bukatar a kiyaye mutuncinsa.

Ana yin gwajin a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na manyan asibitoci, kamar asibitocin koyarwa na Jos, Zariya, Kano da Maiduguri, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Sai dai a lura: in ji ya ɗauke farat ɗaya cikin kwana 1 zuwa 3, musamman a kunne ɗaya, wannan na gaggawa ne. A tafi asibiti nan take, domin jinkiri yana rage damar dawowar ji.

Yadda za a shirya

Kafin ranar, a zauna da iyali a rubuta wuraren da matsalar ta fi tsanani: a waya ne, a kasuwa, ko lokacin wa'azi? Yaushe ta fara? Kunne ɗaya ne ko duka? Akwai ƙugi a kunne, ko jiri, ko fitar ruwa? A rubuta cututtukan da aka taɓa yi, da irin aikin da mutum ya yi a rayuwarsa, a kuma ɗauki kwalayen magungunan da yake sha.

A nisanci ƙara mai ƙarfi tun kwana 1 kafin gwajin, domin ƙara takan rage ji na ɗan lokaci ta ɓata sakamako. In ana mura mai toshe kunne, a sanar da ma'aikatan. Kada a soka tsinken ashana, ko gashin kaza, ko tsinken auduga da nufin tsabtace kunne. Wannan yana tura dauɗa can ciki, yana iya huda dodon kunne. In dauɗa ta toshe, a asibiti za a cire ta, wani lokaci ma ita ce dukan matsalar. A tafi da wani na kusa wanda zai taya sauraron bayani.

Abin da za a tarar

Gwajin ba ya da zafi, ba allura, yawanci kuma ba ya wuce awa 1. Za a fara leƙa kunne da ƙaramar fitila. Ana iya sa wani abu mai laushi a bakin kunne, wanda ke ɗan hura iska don a ga yadda dodon kunne yake motsi. Daga nan a shiga ɗaki mara hayaniya, a ɗora abin sauraro a kunnuwa, a riƙa sako sautuka manya da ƙanana. Duk lokacin da mutum ya ji, ko da ƙasa-ƙasa ne, sai ya ɗaga hannu ko ya danna maɓalli. Akwai kuma abin da ake ɗorawa a ƙashin bayan kunne, wanda ke nuna ko matsalar a hanyar shigar sauti take ko can ciki. In za a sa shi maimaita kalmomi, ya faɗi harshen da ya fi ganewa.

Ba jarrabawa ba ce da ake ci ko a faɗi. Kada a yi cinta don a burge mai gwaji, domin da wannan sakamako za a saita na'ura. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ke jin sautin da bai kai desibel 20 ba jinsa lafiya yake, wanda kuwa sai sauti ya haura 35 a kunnensa mafi kyau kafin ya ji, rauninsa ya kai na nakasa. A karɓi kwafin sakamakon a ajiye. A tambaya ko magani ko tiyata za su iya gyarawa, ko kuwa na'ura ce mafita.

Sabawa da na'urar

Araha ba ta ado. Abin ƙara sauti da ake tallarsa a kasuwa yana ƙara kowane sauti ne gaba ɗaya, har yana iya ƙara ɓarna. Na'urar gaskiya ana saita ta daidai da sakamakon mutum, ta ƙara sautukan da ya rasa.

A nan ne da yawa suke karaya. Tabarau yana gyara gani nan take, amma na'urar ji ba haka take ba. Ƙwaƙwalwar da ta yi shekaru cikin shiru sai ta sāke koyon tace sauti. A kwanakin farko mutum zai ji muryarsa kamar daga cikin randa, ƙarar cokali, da kukan kaji, da takun ƙafa su dame shi. Wannan ba alamar lalacewa ba ce. Sabawa takan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Wanda ya jefa ta cikin akwati a mako na farko ya yi asarar kuɗinsa da damarsa.

A fara a gida inda babu hayaniya, awanni kaɗan a rana, ana ƙarawa har a kai ga sa ta dukan yini. A riƙa karanta Zabura da murya don a saba da muryar kai. Wani ya karanta, mai na'urar yana bin rubutun da ido, domin ƙwaƙwalwa ta haɗa sauti da kalma. Bayan haka a gwada ƙaramin taro, kamar nazarin Littafi Mai Tsarki ko Zumuntar Mata, kafin sujadar Lahadi. A majami'a a zauna gaba inda ake ganin fuskar mai wa'azi, amma nesa da lasifika da ganguna. A rubuta abin da ke damu, a koma wurin wanda ya saita ta ya gyara. In tana fito, yawanci ba ta zauna daidai ba ne, ko dauɗa ta taru. In tana sa ciwo, a cire ta a koma asibiti.

Ruwa, gumi da ƙurar hunturu su ne abokan gabanta. A cire ta kafin wanka da barci, a goge da busasshen ƙyalle, a buɗe murfin batir da dare, a ajiye ta cikin akwatinta nesa da rana da wuta. Sabon batir yana da ɗan manne a bayansa. In an ɓare shi a jira kamar minti 1 kafin a sa. A ɓoye batir daga yara, domin haɗiye shi hatsari ne mai girma.

Nawayar ikkilisiya

Littafin Firistoci 19:14 ya hana zagin kurma, ya kuma haɗa wannan da tsoron Allah. Mu daina yi wa dattawanmu ba'a, ko mu ce "bar shi kawai" in sun nemi a maimaita. Mu fuskance su, mu yi magana a fili sannu-sannu ba da ihu ba, in ba su gane ba mu canza kalmomin. Mai wa'azi kada ya rufe bakinsa da makirufo. A rubuta lambar waƙa da ayoyin karatu a allo. Masu kula da kayan sauti su rage ƙara, domin kunnuwan yaranmu da na mawaƙanmu. Iyaye su kai yara rigakafi, su kuma kai duk jaririn da ba ya firgita da ƙara, ko yaron da magana ta yi masa jinkiri, a gwada shi da wuri.

Na'ura tana da tsada, batir kuma ba ya ƙarewa da saye ɗaya. Dattawan ikkilisiya da ƙungiyoyin zumunta su sa wannan cikin hidimar taimakon mabukata. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Ji ta Duniya, dama ce mai kyau ta gayyato ma'aikacin lafiya ya koyar da jama'a. A wannan mako, bari kowannenmu ya tuna da mutum ɗaya da ya yi shiru a cikinmu, ya ziyarce shi, ya ce zai raka shi asibiti. Ubangiji ya ba mu zuciyar ɗaukar nawayar juna. Amin.