Takarda da Wa'adi: Yadda Sojan Amurka ke Neman Haƙƙinsa na Ƙaura

Soja ba ya zaɓar garin zama. Ranar da takardar canjin wurin aiki ta fito, sai shirin tashi, ko yara na tsakiyar zangon karatu, ko uwargida ta kama aiki jiya-jiya. A rundunar Amurka wannan tashi yakan zo bayan shekara biyu ko uku, har ya zama wani ɓangare na aikin, suna kiransa PCS a taƙaice. Kowace shekara akan kwashe kayan gidaje wajen 300,000, hidimar canjin wurin aiki gaba ɗaya kuma tana cin kusan dala biliyan 5. Mafi yawan tashin yana faɗowa ne daga tsakiyar watan Mayu zuwa ƙarshen Agusta, lokacin da makarantu ke hutu, sai motocin dako da ma'aikata su yi ƙaranci, ɓarna ta yawaita.

Inda kaya da kuɗi masu yawa haka suke motsi, dole a sami saɓani. Abin da ya kamata a sani shi ne yadda ake warware shi, domin a wannan tsari mai gaskiya yakan tashi a tutar babu idan ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba, ko ya bari wa'adi ya wuce shi.

Abin da doka ta ba soja

Duk wani haƙƙi na tafiya yana cikin kundin ƙa'idojin tafiye-tafiye na Ma'aikatar Tsaro, wanda aka fi sani da JTR. Abin da ba ya cikinsa, ba a biya. Gwamnati ce ke ɗaukar nauyin kwasar kaya, amma da iyaka gwargwadon muƙami. Farabiti mai iyali an yarje masa laba 8,000, wajen kilo 3,600 ke nan, marar iyali kuma laba 5,000. Kanar da na sama da shi suna da laba 18,000. Kayan aiki, irin su littattafan sana'a da kayan sarki na musamman, ana auna su daban har laba 2,000, muddin an bayyana su tun kafin a ɗauka.

Bayan wannan akwai alawus na kafa sabon gida, da kuɗin mota gwargwadon nisan tafiya, da kuɗin ci da kwana a hanya, da na masauki na 'yan kwanaki kafin a sami gida. Idan matar soja ko mijin soja na da sana'ar da ke bukatar lasisin jiha, kamar jinya ko koyarwa, ana iya mayar masa da kuɗin sabon lasisi har dala 1,000. Tun daga Janairun 2024 ma ana biyan kuɗin kai kare ko kyanwa guda, har dala 550 a cikin ƙasa, dala 2,000 idan ƙetare za a je. Wanda ya ga dama kuma yana iya kwasar kayansa da kansa, gwamnati ta biya shi gwargwadon abin da da za ta kashe.

Rigimar da kan taso iri uku ce: da kamfanin da ya ɗauki kaya, da ofishin kuɗi na gwamnati, da kuma mai gidan haya. Kowace da hanyarta.

Rigima da kamfanin dako

Wannan ce ta fi yawa. An sauke kaya, firji ya lotse, ƙafar gado ta karye, akwati ɗaya ya yi ɓatan dabo. Ƙa'ida ta ce kamfani zai gyara abin da ya gyaru, ya biya kuɗin sabo a kan wanda ya ɓace ko ya lalace ƙwarai. Diyyar tana da rufi: dala 6 a kan kowace laba ta nauyin kayan, kada ta wuce dala 75,000.

Amma wannan gata yana rataye ne da wa'adi biyu, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Na farko shi ne sanarwa. Soja na da kwana 180 daga ranar sauke kaya ya sanar a rubuce cewa abu kaza ya ɓace ko ya lalace. A da kwana 75 ne kacal, aka ƙara a 2020. Na biyu shi ne shigar da buƙatar diyya kanta, da jerin kaya da farashinsu. A da wa'adin wata tara ne ga mai son kuɗin sabo, daga baya aka ƙara shi zuwa wata 12. Wanda ya wuce haka amma bai kai shekara biyu ba, sai dai a biya shi kuɗin kwance, wato abin da kayan za su yi a kasuwa bayan an ci moriyarsu. Sanarwa daban, buƙatar diyya daban. Mutum yakan cike ta farko ya zauna jiran kuɗi, bai san bai ma shigar da komai ba.

Kamfani na da kwana 60 ya biya, ko ya ƙi, ko ya yi tayi. Ba dole ba ne soja ya karɓi tayin farko. Yana iya karɓar na wasu kaya ya ƙi na wasu. Idan an kasa daidaitawa, sai ya mayar da maganar ofishin diyya na rundunarsa. Ofishin kan biya shi kuɗin kwance tukuna, sannan ya bi kamfanin da kansa, in ya karɓo ragowar ya miƙa masa. Dokar da ke ba gwamnati damar yin wannan biya ta ƙayyade dala 40,000, sai dai a yanayi na musamman kamar kwashe mutane cikin gaggawa, inda take kaiwa dala 100,000.

Hujjar da ta fi kowace nauyi a nan ita ce takardar jerin kaya da ake cikewa ranar ɗauka. Ma'aikatan kamfani sukan sa alamomi a gefen kowane abu: wannan da ma a karce yake, wancan a tsage. Wanda ya sa hannu bai karanta ba, ya shaida da kansa cewa teburinsa a karye aka same shi. Don haka masu ƙwarewa sukan ɗauki hoto da bidiyon komai kafin a naɗe, har da nuna cewa talabijin na aiki, su rubuta rashin amincewarsu a kan takardar kafin su sa hannu. Idan kuma kamfani ya saɓa ranar ɗauka ko ta kawowa har iyali suka shiga sayen katifa da tukwane, akwai diyyar jinkiri da ake nema kai tsaye daga wurinsa.

Rigima da ofishin kuɗi

Ta biyu ta fi ɗaci, domin abokin jayayyar shi ne uban gida. Soja ya isa sabon bariki, ya cike fom ɗin kuɗin tafiya, sai aka biya shi ƙasa da abin da ya zata. Ko kuma bayan watanni takarda ta iso cewa kayansa sun haura nauyin da aka yarje masa, za a cire rarar daga albashi. Wanda ya kwashe kayansa da kansa kuwa, in ba shi da takardun sikeli guda biyu, na mota wayam da na mota da kaya, zai sha wuya kafin ya ga kuɗinsa. Mai shakkar awon kamfani yana da damar neman a sake awo, amma kafin a sauke kayan. Bayan an shigar da su ɗaki, bakin alƙalami ya bushe.

Matakin farko shi ne ofishin kuɗi na bariki, inda galibin kurakuran lissafi ke ƙarewa. In an ƙi, a nemi ƙin a rubuce tare da sashen ƙa'idar da aka dogara da shi. Daga nan maganar kan bi ta hukumar biyan albashin sojoji, DFAS, mai hedikwata a Indiyanafolis, sannan a ɗaukaka ta zuwa ofishin sauraron ƙararraki na Ma'aikatar Tsaro, DOHA. Wa'adin ɗaukaka ƙara gajere ne, kwana 30. Neman kuɗi daga gwamnati gaba ɗaya kuma yana da iyakar shekara shida.

Akwai wata ƙa'ida da ke ba mutane mamaki. Ko da ma'aikacin ofis ne ya ce wa soja "je ka yi, za a biya ka", in doka ba ta tanadi kuɗin ba, ba za a biya ba. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da haka a 1990, a shari'ar Richmond. Wani tsohon ma'aikacin rundunar ruwa ya bi bayanin kuskure da jami'an gwamnati suka ba shi, ya rasa kuɗin naƙasa na wata shida. Kotu ta ce ba a fitar da kuɗi daga baitulmali sai da izinin dokar majalisa, kuskuren ma'aikaci ba ya zama doka. Saboda haka "ai wane ne ya ce mini" ba ta cin shari'a. Kafin a kashe kuɗi da fatan a mayar, a ga inda aka rubuta shi. Haka kuma kada a fara kwasar kaya kafin takardar canjin aiki ta fito, sai da izini a rubuce.

Idan gwamnati ce ta yi kuskuren biya fiye da kima, soja na iya roƙon a yafe masa bashin. Sharaɗin shi ne bai sani ba, kuma babu dalilin da zai sa ya sani. Wanda ya ga kuɗi sun yi yawa ya ja bakinsa ya yi shiru, ba a yafe masa. In kuwa tushen matsalar kuskure ne a takardar canjin aikin kanta, kowace runduna na da kwamitin gyara bayanan aiki, kuma akan so a kai kuka cikin shekara uku da gano kuskuren.

Rigima da mai gida

Ta uku tana wajen bariki. Soja ya kama haya ta shekara, bayan wata huɗu aka tashe shi, mai gida ya ce sai ya cika kuɗin sauran watanni. Dokar kare masu aikin soja ta 2003 ta raba wannan gardama. Mai takardar canjin wurin aiki, ko wanda aka tura fagen daga na kwana 90 ko fiye, yana da ikon warware yarjejeniyar haya ba tare da tara ba. Abin da ake buƙata sanarwa ce a rubuce da kwafin takardar. A hayar wata-wata, yarjejeniyar na ƙarewa kwana 30 bayan ranar biya ta gaba. Misali, wanda ke biya ranar ɗaya ga wata, in ya ba da sanarwa ranar 10 ga Yuni, hayar ta ƙare ranar 31 ga Yuli. Mai gidan da ya ƙi, akwai lauyoyin bariki da ke taimaka wa soja kyauta, Ma'aikatar Shari'a kuma takan maka masu taurin kai a kotu.

Lokacin da kuka ya yi yawa

Wani saɓanin ya fi ƙarfin fom. A 2018 matar wani soja ta buɗe takardar koke a intanet kan ɓarnar kamfanonin dako, mutum fiye da 100,000 suka sa hannu, majalisa ta shiga maganar. Rundunar sufuri, mai mazauni a jihar Ilinoi, ta yanke shawarar daina mu'amala da ɗaruruwan kamfanoni ɗaya-ɗaya, ta damƙa aikin ga ɗan kwangila guda wanda za a riƙe da alhaki. Bayan ƙararrakin masu neman kwangilar, aka ba HomeSafe Alliance a 2021, aka fara aiki da shi a 2024. Ba a je ko'ina ba koke-koke suka dawo, na rashin zuwa ɗaukar kaya a kan lokaci da na jinkirin kawowa. A watan Yunin 2025 Ma'aikatar Tsaro ta soke kwangilar. Wannan ya nuna ƙa'idojin kan sauya, har da wa'adi da farashi, don haka a duba wanda ke aiki a shekarar da aka tashi.

Akwai 'ya'yanmu da 'yan'uwanmu da ke sanye da kakin Amurka, kuma wannan bayani nasu ne kai tsaye. Amma ma'aikaci a Najeriya da ke bin alawus ɗinsa na kwana 28 na farko bayan an canja masa wurin aiki, shi ma ya san ɗacin haƙƙin da ke rubuce amma ya ƙi fitowa. Duk wanda aka tashe shi daga wani gari zuwa wani, ya riƙe takardar canjin aikinsa, ya adana kowane rasit, ya karanta kafin ya sa hannu, ya nemi kowace amsa a rubuce, sannan ya san ranar da wa'adinsa ke cika. Matambayi ba ya ɓata, amma a harkar kuɗin gwamnati a tambayi kundin ƙa'ida kafin a tambayi mai zaman ofis.