3.4 Aiwatar da Dokar 1906 a Kan Algus a Ruwan Ƙamshin Abinci

Kamar yadda aka ambata a sashen da ya gabata, Shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu a Dokar Tsabtar Abinci da Magunguna ta Amurka a ran 30 ga Yuni, 1906, ta kuma fara aiki a farkon shekarar 1907. Sashen Kimiyyar Sinadarai na Ma'aikatar Gona, a ƙarƙashin Dokta Harvey Wiley, shi aka ɗora wa nauyin binciken kayan. Daga cikin kayan da suka ba sashen wahala akwai ruwan ƙamshin abinci, wanda a yau ake ce wa filebo, musamman na banila da na lemun tsami.

Dalilin yawan algus a wannan haja a fili yake. Kwanson banila na da tsada, alhali tun 1874 masana a Jamus suka gano yadda ake haɗa banilin, wato sinadarin da ke ba banila yawancin ƙamshinta. Saboda haka mai algus sai ya narkar da banilin, ya ƙara kumarin irin na ƙwayar tonka, ya rina da ƙonannen sukari, sannan ya rubuta sunan banila a jikin kwalba. A ɓangaren lemun tsami kuwa, dabarar ita ce rage sinadarin barasa, domin shi ke cin kuɗi. To amma man ɓawon lemu ba ya narkewa sai barasar ta yi ƙarfi, don haka rage ta na tilasta rage man, sai a rufe giɓin da rini rawaya. Mafi muni shi ne masu sa barasar itace, wadda kan makantar da mutum.

Gano algus ɗin bai faye wuya ba. Alal misali, in aka zuba ruwa a na lemun tsami na ƙwarai sai ya yi gauri-gauri saboda man ya rabu, na jabu kuwa ya zauna garai. Inda gizo ke saƙar shi ne kotu. Ma'aikatar ta fitar da ma'auni a 1906 mai cewa ruwan lemun tsami ya ƙunshi aƙalla kashi 5 cikin 100 na man lemu, na banila kuwa a tatso shi daga giram 10 na kwanso a kowane mililita 100. Sai dai Majalisa ba ta ba wannan ma'auni ƙarfin doka ba. Ma'ana, a kowace shari'ar da aka ja, dole gwamnati ta kawo shaidu ta tabbatar da abin da 'yan kasuwa da masu saye suka sani da sunan ruwan banila, kafin a zo maganar ko an ha'ince su.

Bugu da ƙari, tarar laifin farko ba ta wuce dala 200 ba, kuma hannun dokar bai kai kayan da aka yi aka sayar a cikin jiha ɗaya ba, sai waɗanda suka ƙetare iyakar jiha. Ƙwace kayan da buga sakamakon shari'a tare da sunan kamfani, ga alama, sun fi tarar tsoratar da masu algus. Ya kamata a lura cewa dokar ba ta hana sayar da na kwaikwayo ba, muddin ba ya cutarwa kuma an bayyana hakan a jikin kwalba. Laifin shi ne ɓoyewa.

Dokar 1938 ce ta toshe wannan kafa, domin ta ba hukuma ikon kafa ma'auni mai ƙarfin doka. A 1954 aka haramta sa kumarin a abinci, bayan gwaji a kan dabbobi ya nuna yana lalata hanta. Ma'aunin da aka kafa daga baya ya wajabta aƙalla kashi 35 cikin 100 na barasa a duk abin da za a kira ruwan banila.