Ina fadar Sarkin Abuja take, kuma yaya ake ziyartar gidajen sarauta?

Baƙon da ya sauka a Babban Birnin Tarayya ya nemi a nuna masa fadar Sarkin Abuja, ba zai same ta a tsakanin Asokoro da Maitama ba. Gidan sarautar da birnin ya ɗauki sunansa yana Suleja ta Jihar Neja, kusa da Dutsen Zuma, a kan hanyar Kaduna.

Asalin labarin ya faro ne daga Zariya. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya fara a 1804, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar birninsa da jama'arsa, ya yi kudu zuwa yankin Zuba. Da ya rasu, ƙanensa Abubakar, wanda ake yi wa laƙabi da Abu Ja, ya gaje shi, ya kuma kafa sabon gari a 1828. Sunansa ne ya bi garin. Saboda wannan tarihi, har yau ana kiran mai riƙe da sarautar Sarkin Zazzau Suleja.

A watan Fabrairun 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar samar da sabon babban birni a tsakiyar ƙasa. Aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birnin, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1979. Gwamnati ta ƙaura daga Legas a ranar 12 ga Disamba, 1991, amma fada ta ci gaba da zama inda Abu Ja ya kafa gari.

Wannan gida yana da hannu a wani abu da kowane ɗan Najeriya yake riƙewa a aljihu. A wurin Sarki Sulaimanu Barau ne Baturen nan maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga tukwanen wata mata daga Kwali, suka burge shi. Matar ita ce Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta tsohuwar Abuja a 1954, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20.

A cikin yankin Babban Birnin Tarayya kansa akwai fadoji da dama, domin ƙasar ba kango ba ce kafin zuwan gwamnati. Gbagyi, Koro, Gade, Gwandara, Bassa, Ganagana da Egbura duk suna da garuruwansu da sarakunansu. Ona na Abaji shi ne shugaban majalisar sarakunan yankin, kuma fadarsa tana Abaji, a kan hanyar Lokoja. Akwai Gomo na Kuje, Etsu na Kwali, Agora na Zuba, da sarakunan Bwari, Karshi da Jiwa. Fadar Sa'peyi na Garki kuwa tana cikin tsohon ƙauyen Garki, wanda birni ya zo ya kewaye shi da tituna da benaye.

Mai son ganin fada irin ta dauri sai ya ƙara gaba zuwa arewa. Gidan Rumfa na Kano ya samo asali ne daga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma har yanzu sarauta tana cikinsa. Katsina tana da Gidan Korau, Zariya tana da fadarta mai ƙofar da aka ƙawata da zane-zanen magina, Daura kuma tana da tata fadar, ba nisa da rijiyar Kusugu.

Abin da ya kamata mai ziyara ya fara sani shi ne fada gida ce mai mutane a ciki. A Ingila, tun 1993 ake buɗe wasu ɗakunan Fadar Buckingham ga jama'a a lokacin bazara, ana sayen tikiti ana shiga. A ƙasar Hausa ba a sayar da tikiti a ƙofar fada. Ladabi da izini ne suke shigar da mutum.

Tsarin ginin ma yana bayyana iyakar baƙo. Daga ƙofa akwai fili da zauruka, inda dogarai da fadawa suke, sannan soron da sarki yake zaman fada, yana karɓar gaisuwa, yana sauraron ƙorafi, yana sasanta rikicin gona ko na iyali. Daga nan sai cikin gida, wurin matan sarki da 'ya'yansa. Namiji baƙo ba ya wuce wannan iyaka. A manyan fadoji, jakadiyoyi ne suke kai saƙo tsakanin waje da ciki.

Wanda zai je shi kaɗai don gaisuwa yakan nemi wani na fada ya yi masa iso. Makarantu da ƙungiyoyi kuwa sukan rubuta wasiƙa zuwa ga sakataren majalisar masarauta, su jira a ba su rana. Ana shiga da sutura ta mutunci, a tuɓe takalmi kafin a isa gaban sarki, a durƙusa a yi gaisuwa da "Ranka ya daɗe" ko "Allah ya ja zamanin sarki". Sau da yawa fadawa ne suke amsawa a madadinsa. Ba a miƙa wa sarki hannu sai in shi ya fara miƙowa, ba a kuma ɗaukar hoto sai an nemi izini.

Lokacin da ya fi sauƙin ganin sarki ba tare da iso ba shi ne ranar Juma'a, sa'ad da yake fita masallaci, da kuma lokacin hawan sallah, da hakimai suke zuwa jahi a ƙofar fada. A watan Disamban 2024, hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Sai dai yana da kyau a bincika kafin a kama hanya, domin akwai shekarun da hukumomi suke dakatar da hawa saboda dalilan tsaro.

Babban ƙalubalen da ke gaban waɗannan gidaje shi ne adana su. Ginin ƙasa da azara yana buƙatar yaɓe da gyara bayan kowace damina, magina masu sanin sana'ar kuma suna raguwa. Duk soron da aka rushe aka maye da siminti, ya tafi da zanensa da fasahar da aka ɗaga rufinsa. Ɗaliban da aka kai Suleja, Abaji ko Garki suka ga fada da idonsu za su dawo da sanin cewa Abuja tana da tarihi tun kafin 1976, kuma masu riƙe da shi suna nan da ransu.