Alƙalamin Feshi da Rariyar Tankaɗe

Yaran Daura ba su jira kowa ya koya musu ƙera mota ba. Da karan dawa aka fara, aka koma gwangwanin madara da langa-langa da tsohon silifa da ake yankawa a yi taya. Wasu daga cikin yaran sun girma ba su saki abin ba. Yanzu tirela suke haɗawa da Keke Napep da jirgin sama, da kwali da roba, wasu ma har ƙananan gidaje irin waɗanda ake ɗorawa a tebur a nuna wa mai gini. A garin da aka aza harsashin Jami'ar Sufuri a Disamba 2019, kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi zai ratsa, mai irin wannan hannu ya wuce a ce masa wasa yake yi.

Wurin fenti ne aikin yake lalacewa. In an ƙanƙanta mota sau 24, tudun fenti na milimita ɗaya da buroshi ya bari daidai yake da milimita 24 a jikin motar gaske, ido kuwa yana gani. Fentin gwangwani ambaliya yake yi ya cike ƙofofi da fitilu. Bindigar masu fentin mota, wadda bakinta yakan kai milimita 1.3, ta fi ƙarfin abin da bai wuce taƙi ɗaya ba. Saura alƙalamin feshi, ɗan ƙarfen nan mai tsawon biro da ke fesa fenti da iska. Ba sabon abu ba ne: wani Ba'amurke, Abner Peeler, ya haɗa irinsa a Iowa a 1879, kuma masu gyaran hotuna ne suka fara cin moriyarsa. Yau ana ganinsa a hannun masu aski da masu kek da masu kwalliyar amare.

Mai son sayen na farko, shawarata ya tsaya a tsakar gida ya kalli yadda ake tankaɗe. Rariya iri-iri ce. Akwai mai manyan idanu da ke sakin gari har da tsaki, akwai ta laushi wadda sai garin da ya niƙu sosai yake wuce ta, akwai ta tsaka-tsaki. Matar da ta san tuwo, in rariya ɗaya za ta saya wa 'yarta ta kai ɗaki, ba za ta ɗauki mafi ƙanƙantar ido ba, duk da ita ce ke ba da gari mafi laushi. Ta san gari ɗan danshi kaɗan zai yi ya liƙe ta, a yi ta bugu ba abin da ke sauka, magariba ta yi ba a ɗora tukunya ba.

Haka bakin alƙalamin yake. Yawanci ana samunsa daga milimita 0.2 zuwa 0.5, har sama. Sabon shiga yakan ruga wa 0.2, don ya ji an ce shi ke zana layi siriri. Gaskiya ne, amma a hannun wanda ya iya sirka fenti. A hannun ɗan koyo toshewa zai yi ta yi, ya yi tari, ya tofa ɗigo a kan aikin da aka yi kwanaki ana gogewa. Tsakanin 0.3 da 0.35 ne rariyar tsaka-tsaki: yana shafe jikin tirela, yana kuma iya bin gefen taga. Iwata na Japan suna da Eclipse HP-CS da Neo CN, dukansu 0.35. Patriot 105 na kamfanin Badger na Amurka 0.5 ne, ba ya ƙyamar fenti mai ɗan kauri, kuma ga wanda aikinsa manyan motocin kwali ne, ni na fi karkata gare shi.

Yanayinmu ma yana goyon bayan baki mai ɗan faɗi. Da yawa daga masu ba da shawara a YouTube a ƙasashe masu sanyi da laima suke zaune. A Daura, daga hunturu zuwa zafin Afrilu da Mayu, iska a bushe take ƙayau. Fentin akirilik, wanda ake sirkawa da ruwa, yana bushewa a kan tsinin allurar da ke cikin alƙalamin tun ba a gama gefe ɗaya ba, wani lokaci ma a iska yake bushewa kafin ya isa jikin motar, ya sauka da ƙaiƙayi. Maganinsa a matso da hannu kusa, a rage iska, a yi aikin da sassafe, a kuma kifa kwali a kan abin da aka fesa saboda ƙura. Da damina kuma matsalar juyawa take yi: ruwa ya taru a cikin tiyo ya fito tare da fenti, shi ya sa ake son injin iskar da ke da ɗan kofin tare ruwa.

Injin iskar kuwa shi ne turmi. Rariya komai kyanta ba ta daka, kuma wadda ta kashe kuɗinta duka a kan rariya ta bar gero a tsaba ba ta yi dabara ba. Samari da yawa sukan zuba abin da suka tara a kan alƙalami mai suna, sannan su haɗa shi da ɗan inji mai caji irin na masu aski, wanda iskarsa ke raguwa yayin da batir ke sauka. Na fi son a sayi alƙalami matsakaici da kwamfiresa mai tanki, irin AS-186 na Sin mai tankin lita 3. Tankin yana sa iska ta fito sumul ba tare da bugun numfashi ba, injin yana hutawa, in an ɗauke wuta kuma akwai 'yar ragowar da za a wanke alƙalamin kafin fenti ya daskare a ciki. Matsin da ake bukata kaɗan ne, tsakanin 15 da 25 a agogon injin. Wanda ke da kwamfiresar faci a gida zai iya amfani da ita, in ya sa mata abin rage matsi da matatar ruwa da mai.

Batun kunama, wato abin dannawa, ba ya bukatar dogon zance. Akwai wanda dannawa ɗaya ke sakin iska da fenti tare, irin Paasche H, akwai wanda ake dannawa iska ta fito, a ja baya fenti ya biyo. Na biyun ya fi wuyar koyo da 'yan kwanaki, amma shi za a daɗe ana mora. A kuma zaɓi mai kofi a sama, wanda fenti ke gangarowa da kansa: ɗigo kaɗan ya ishe shi aiki, ga sauƙin wankewa, alhali mai kwalba a ƙasa sai an zuba masa fenti da yawa, fentin Tamiya ko Vallejo kuwa da dala ake sayo shi.

Fentin ne garin, kuma nan kwatancen ya daina zama kwatance. Fentin bango ba ya wucewa, ƙwayoyinsa sun yi girma. Wanda ya dace ma sai an sirka shi ya yi ruwa-ruwa, yadda in an shafa a jikin kofi zai gangaro ya bar launi kaɗan a baya. In ya kwana biyu a kwalba, a tace shi da ƙyallen safa na mata ko shara-sharan mayafi kafin a zuba. Masu son amfani da fentin mota da tina, saboda shi ake samu a gari ko a Ƙofar Ruwa a Kano, su duba cewa zoben da ke riƙe allurar na Teflon ne. Na roba, wanda ake samu a yawancin masu arha, tina cinye shi take yi. Tina kuma ba ta ɗaki ba ce: a fesa a zaure ko waje, da takunkumi mai matata, ba ƙyallen hanci ba, kuma nesa da murhu da yara.

Uwar gida ba ta rataye rariya da gari a jikinta, kakkaɓewa take yi nan take. Alƙalamin feshi ya fi rariya rashin haƙuri, minti kaɗan ya isa fenti ya ƙame a ciki. Saboda haka kafin a biya kuɗi a tambayi yadda ake kwance shi. Wasu bakinsu ɗan mitsitsi ne mai zare, da ɗan sifana ake ɗaure shi, ƙarin juyi ɗaya ya karye a ciki. Na Eclipse da Patriot da na Harder & Steenbeck na Jamus zura su kawai ake yi, murfi ya danne. Allurar kuma sai ta lanƙwashe wata rana, ko a wurin wanki ko ƙane ya ɗauka ya gwada, kuma ba abin da za a aiki yaro ya sayo a bakin kasuwa ba ne. In ta AliExpress ko Jumia za a yi oda, a haɗa da allura biyu da baki ɗaya na ajiya a cikin odar farko, don kuɗin kawowa da makonnin jira ɗaya ne.