Fim Ɗin Yaƙi: Jini Kaɗai Ba Ya Nuna Gaskiya

Da shugaban Faransa Emmanuel Macron ya amsa a Nuwamban 2024 cewa abin da ya faru a barikin Thiaroye kisan kiyashi ne, wasu sun ɗauka sabon asiri aka tono. Alhali tun 1988 Usman Sembene da Thierno Faty Sow suka nuna shi a fim ɗinsu Camp de Thiaroye: sojojin Afirka ta Yamma sun dawo daga sansanonin fursunonin yaƙi na Jamus, sun nemi a biya su haƙƙinsu, sai aka buɗe musu wuta kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba, 1944. Hukumomin Faransa sun ce mutum 35 ne suka mutu, masana tarihi da dama na ganin sun kai ɗaruruwa.

Mu kuwa yadda muke auna fim ɗin yaƙi da sake. Ana jinjina wa Saving Private Ryan na 1998 saboda kyamara na rawa, harsashi na huda hular kwano, soja na ɗaukar guntulallen hannunsa a bakin teku. Gwaninta ce, ba musu, kuma tana sa tsigar jiki ta tashi. Amma gaskiyar fim tana kuma ga wanda aka nuna da wanda aka shafe. Ina Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da suka gwabza da Japanawa a dajin Bama, suna ɗauke da kaya a ka cikin kwarin Kaladan? 'Yan Arewa sun cika su, Hausa ce ma harshen bariki. Yau sai dai a tuna da su a sunayen wurare irin su barikin Myohaung a Legas da Burma Camp a Akara.

Za a ce fim nishaɗi ne, ba darasin tarihi ba. To, fim ɗin Indigènes na 2006 ne ya matsa wa gwamnatin Jacques Chirac ta ɗaga fanshon tsofaffin sojojin Afirka da aka daskarar shekara da shekaru. Za a kuma ce Kannywood ba ta da kuɗin tankoki da jirage. Ai kusan duk labarin Sembene a cikin bariki ɗaya ya gudana, ƙarfinsa kuwa a gardamar kuɗi da wulaƙancin abinci yake.

Mazan jiyan Bama sun kusa ƙarewa, amma 'ya'yansu da jikokinsu na nan da labarai da lambobin yabo a akwati. Marubutan Kannywood da Hukumar Fina-finai ta Ƙasa da ke Jos, ku je ku ɗauki muryoyinsu tun da sauran masu tunawa.