Kai, Jiki da Doro: Yadda Hausa da Wasu Harsunan Duniya Suke Bayyana Ma'anar “a Kan”

Gabatarwa

Ɗalibin da ya buɗe ƙaramin ƙamus na Ingilishi da Hausa ya nemi kalmar “on”, abin da zai fara cin karo da shi shi ne “a kan”. Wannan amsa ba kuskure ba ce, sai dai ta ɗauki ɓangare guda ta bar saura. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa fagen ma'anar da Ingilishi ya tattara a harafi ɗaya, Hausa ta rarraba shi tsakanin “kan”, da “jikin”, da “a” tsurarsa, da wasu kalmomi ƙalilan, kuma irin wannan rabo sananne ne a harsunan duniya. Misalan Hausa da aka kawo na Kananci ne, irin waɗanda ake ji kullum a ƙasar Dawakin Tofa, arewa maso yammacin birnin Kano. Sana'o'i biyu ne suka sa wurin ya dace: ginin tukwane da aka san garin da shi, da cinikin hatsi a kasuwar Dawanau. A duka biyun, yini ake ana azawa, ana jinginawa, ana ratayawa, ana liƙawa, don haka harshe ba ya hutawa da faɗar inda abu yake.

Daga Suna Zuwa Harafin Bagire

Babu saɓani tsakanin masana a kan asalin “kan”. Suna ne, wato “kai”, da ya haɗu da mahaɗin mallaka “-n”. Newman (2000) da Jaggar (2001) duk sun sanya shi a rukuni ɗaya da “cikin”, “bayan”, “gaban”, “bakin” da “gindin”, waɗanda suka samo tushe daga sunayen sassan jiki. Abin da bai cika samun kulawa ba shi ne matakan da kalmar ta bi kafin ta rabu da ma'anarta ta farko. A dubi waɗannan jimloli:

(1) Tulu yana kanta.
(2) Faifai yana kan tulu.
(3) Tulu yana kan tabarma.

A (1), kai na zahiri ake nufi, wanda aka naɗa wa gammo. A (2), an ɗauki tulu tamkar mutum, mai wuya da baki da ciki da gindi, don haka yana da sashen da za a iya kira kai. A (3) kuwa, tabarma ba ta da kai ta kowace fuska, shimfiɗaɗɗiya ce. A nan “kan” ba ya nuna wani sashe na tabarmar, dangantaka kawai yake nunawa: abu na sama, abu na ƙasa yana tallafe da shi. Jimla ta (1) ita ce gadar da ma'anar ta bi ta tsallaka, domin da zarar an ce “bargo yana kanta”, sigar ba ta canja ba, amma ba wanda zai fahimci cewa a ka aka ɗora bargon.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke tabbatar da cewa rikiɗar ta kammala. Suna yana karɓar jam'i, harafi ba ya karɓa. Ana iya cewa “an toshe bakunan tuluna”, amma Bahaushe ba zai ce “buhuna suna kawunan motoci” yana nufin an yi lodinsu ba. Dole ya ce “buhuna suna kan motoci”, komai yawan motocin.

Hausa ba ta keɓanta da wannan ba. Heine (1997), bisa nazarin harsunan Afirka 125, ya nuna cewa a cikin sassan jiki, kai ne ya fi zama tushen kalmar da ke nufin sama ko bisa. A Yarabanci “lórí” haɗin “ní” ne da “orí”, wato kai. A Zabarmanci “boŋ” tana nufin kai, tana kuma nufin a kan, sai dai tana zuwa ne bayan suna. Wasu harsuna kuma daga tsawo ko sararin sama suka ɗebo tasu kalmar, kamar “juu ya” a Sawahilanci da “alā” a Larabci, wadda saiwarta ke ɗauke da ma'anar ɗaukaka. Hausa tana da irin wannan ma a “bisa” da “saman”, kuma a karuruwan yamma, irin su Sakkwatanci da Katsinanci, “bisa” ta fi yawo a baki fiye da yadda take yi a Kano. Japananci ya fi ba da sha'awa ta fuskar gini, domin “tsukue no ue ni” tamkar “a kan tebur” ce da aka karanta daga ƙarshe: “ni” tana aikin “a”, “ue” suna ne mai nufin sama, “no” kuma mahaɗin mallaka ne. Wajibi ne a yi hattara da wani kamanni guda. Bambaranci na ƙasar Mali yana da “kan” mai nufin a kan, kamar a “tabali kan”. Haɗuwar sauti ce kurum, domin “-n” ta Hausa mahaɗi ne da aka ɗafa, ba ta cikin saiwar kalmar.

Inda “Kan” Ya Tsaya

A shekarar 1992, Melissa Bowerman da Eric Pederson na Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holan suka tsara zane-zane 71, kowanne yana nuna abu biyu a wani yanayi: kofi a tebur, hoto a bango, zobe a yatsa, ɗan itace a reshe, da makamantansu. An yi amfani da su wajen tambayar masu harsuna sama da talatin. Abin da ya fito shi ne yanayin suna jeruwa kamar tsani, daga abin da aka tallafa ta ƙasa, zuwa wanda ya manne, zuwa wanda aka rataya ko aka ɗaura, har zuwa wanda yake ƙunshe cikin wani. Kowane harshe yana yanka tsanin a inda ya ga dama, amma ba ya tsallake mataki ya haɗa biyu masu nisa da kalma ɗaya.

Ingilishi ya ba “on” kusan dukkan tsanin, ya bar wa “in” ƙarshensa. Sifaniyanci ya wuce nan, domin “en” tana iya ɗaukar tsanin gaba ɗaya, daga tebur har akwati. Harshen Holan ya yanka gida uku kafin a kai ga ciki: “op” ga kofi a tebur, “aan” ga hoto a bango da ɗan itace a reshe, “om” ga zobe a yatsa. Jamusanci yana da “auf” da “an”. Harshen Finlan ba harafi yake amfani da shi ba, ɗafa-ƙeya ce, kuma zobe a wurinsu a cikin yatsa yake, “sormessa”, alhali kofi yana “pöydällä”, da wata ɗafa-ƙeyar dabam.

To ina Hausa ta yanka? A ganin mai wannan nazari, ta fi kusa da harshen Holan nesa ba kusa ba fiye da Ingilishi. Ga shaidar da ta fi kowace ƙarfi:

(4) Ƙadangare yana kan katanga.
(5) Ƙadangare yana jikin katanga.

Wurare biyu ne dabam. A (4) ya hau can ƙololuwa yana shan hantsi, a (5) yana maƙale a gefe. Ingilishi jimla ɗaya yake da ita ga duka biyun. Haka maginiyar tukwane take yin zane a jikin tulu, ta aza tukunya a kan murhu, baƙin hayaƙi kuma ya kama gindinta. Yaron da ya hau mangwaro yana kan bishiya, amma 'ya'yan da ya je tsinkowa suna jikin bishiya. A Dawanau ana jibge buhuna a kan mota, ana rubuta alamar mai kaya a jikin buhu. Ke nan “kan” yana buƙatar sharuɗɗa biyu, abu ya kasance ta sama, kuma nauyinsa ya sauka a kan na ƙasa. Da zarar mannewa ko ratayawa ce ke riƙe da shi, “jikin” ke karɓar aiki.

Mataki na uku ya fi ɓoyuwa, domin ba a ƙara wata kalma, “a” kaɗai ake sa wa: zobe a yatsa, takalmi a ƙafa, tsakiya a wuya, goyo a baya, hula a ka. Wannan yana faruwa ne idan abin yana mazauninsa na al'ada, inda mai sauraro ba ya buƙatar ƙarin bayani. Idan aka ce “zobe yana kan yatsa”, hoton da ke zuwa zuciya shi ne na zoben da aka ɗora ba a zura ba. Levinson da Wilkins (2006) sun lura da irin wannan a harsuna da dama: gwargwadon yadda dangantaka ta zama sananniya, gwargwadon yadda alamarta ke raguwa. Sawahilanci ma yana da “mezani”, a tebur, tare da “juu ya meza”, a kan tebur.

Koriyanci ya nuna cewa ba dole ne harafi ya ɗauki wannan nauyi ba. Choi da Bowerman (1991) sun nuna cewa aikatau ne ke rarrabewa: “kkita” ga abin da ya shiga ya yi daram, kamar zobe a yatsa, “nohta” ga abin da aka aza a shimfiɗaɗɗen wuri, kuma yara tun suna wajen shekara biyu suke bin rabon harshensu. Hausa tana da rabonta a nan, domin aza, ɗora, jingina, rataya, liƙa, zura da cusa kowanne ya riga ya faɗi yanayin kafin harafi ya iso. Mai yiwuwa wannan ne ya sa “a” tsurarsa ke wadatarwa a wurare da yawa: wanda ya ce “rataya shi a ƙusa” ya gama magana.

Akwai wani ɗan lungu da ya cancanci a tsaya. Masana sun bambanta harsunan da ke auna abubuwa da jikin mutum a tsaye da waɗanda ke auna su da jikin dabba mai ƙafa huɗu. Brugman (1983) ta nuna cewa a harshen Mixtec na ƙasar Meziko, abin da ke ƙololuwar bishiya yana kanta, amma abin da ke saman shimfiɗaɗɗen rufi yana gadon bayansa, da kalmar da ake kiran bayan dabba. An saba sanya Hausa a rukunin farko, kuma haka ne a mafi yawan lokuta. Amma me za a ce da “a doron ƙasa” da “a bayan ƙasa”? Wanda yake bayan ƙasa ba ɓuya ya yi a bayanta ba, a kanta yake tafe, kamar mahayi a bayan doki. Wannan ya nuna cewa ma'aunin dabba ma ya bar sawunsa a Hausa, ko da a 'yan kalmomin da suka daskare ne. Ga al'ummar da jaki ya daɗe yana kai mata taki gona, abin ba zai zama na mamaki ba.

Abin da Ya Shafi Fassara da Rubutu

“Kan” bai tsaya a bagire ba. Ya shiga batu, kamar “sun yi magana a kan gado”, wadda ke da harshen damo tsakanin gadon kwana da gadon mamaci idan ba a sa alamar karin sauti da tsawon wasali ba. Ya shiga dalili, “a kan me?”, ya shiga farashi, “an sayar a kan naira dubu”, ya shiga hali mai ci gaba, “yana kan aiki”. Bai kamata a yi gaggawar jingina waɗannan ga tasirin Ingilishi ba, domin hanya ce da harsuna da yawa suka bi da ƙafarsu. Inda tasirin ya fito fili shi ne inda “kan” ya mamaye gurbin “jikin” ko na “a”. Yau ana karanta “hoto a kan bango”, “sanarwa a kan ƙofa”, “na gani a kan Facebook”, musamman a rubutun da aka fassara da na'ura, da kuma wanda ya fito daga hannun masu tunani da Ingilishi suna rubutu da Hausa. Tsohuwar da ke ƙauyen Dawakin Tofa idan aka ce mata takarda tana kan ƙofa, sama za ta ɗaga kai ta duba.

Ba a cewa harshe kada ya sauya. Amma sauyin da ke shafe bambancin (4) da (5) ragi ne, kuma littattafan firamare da ƙamusoshi masu harshe biyu su ne ke da ikon hanzarta shi ko rage masa gudu. Abin da ya dace shi ne shigar “on” a ƙamus ta zo da gida uku aƙalla, kowanne da misalinsa, maimakon “a kan” ita kaɗai.

Saura batun ƙa'idar rubutu, wanda malamai ke fama da shi a takardun ɗalibai har a matakin digiri. Ana raba “a kan” mai nuna bagire, ana haɗe “akan” ta sabau, kamar a “akan gasa tukwane da rani”. Sau da yawa ana koyar da wannan a matsayin doka ta haddacewa, alhali dalilinsa yana cikin tarihin kalmar da aka bayyana a sama. “A kan” kalmomi biyu ne, harafi da tsohon suna, shi ya sa ake iya jefar da “a” a ce “yana kan murhu”, ko a musanya ta a ce “daga kan murhu” ko “ta kan murhu”. Karin sautin ma ya bambanta, domin “kan” na bagire faɗau ne kamar “kai” da ya haife shi, na sabau kuwa ƙasa yake. Ɗalibin da ke shakka sai ya gwada sa “daga” a gurbin “a”. In ginin ya karɓa, kamar “daga kan tebur”, sai ya raba. In ya ƙi, kamar yadda “daga kan gasa tukwane da rani” ta kasa zama jimlar sabau, sai ya haɗe.